Fentin Mota Ba Ya Tofowa

  Direbobin da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Illela, da wanda ya wuce Kware, da wanda ya doshi Gwadabawa, Allah Ya sauke ku lafiya. Mutanen Kalmalo, ina gaisuwa. 'Yan'uwanmu na Birnin Ƙonni da ke kama mu daga tsallaken iyaka, sannunku da jimirin saurare.

Yau zancen mota za mu yi, amma ba za mu buɗe bonet ba. Inji yana da masu yi masa magana. Kowace inuwa ka zauna, za ka tarar ana gardamar giya da baƙin mai. Ni jikin motar nake so mu duba, wato fentinta. Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce. Ku riƙe ta tun yanzu, don zan yi ta nanata ta. Fentin mota ba ya tofowa. Gashin kai, in wanzami ya aske, bayan mako biyu ya dawo. Ganyen dogon yaro, in ya kaɗe, damina za ta mayar da shi. Shi kuwa fenti, abin da ya tafi ya tafi ke nan.

Wani zai ce, me ya kawo zancen fenti a Illela? Ai garin nan ya san mota. Shekara da shekaru motocin da aka sauke a Kwatano sun yi ta biyowa ta Nijar, suna yada zango a Ƙonni, suna tsallakowa ta nan. Daga farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu. A 2019 aka rufe iyakar baki ɗaya, sai ƙarshen 2020 aka buɗe. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 kuma aka sake garƙame ta wata da watanni. Ba sai na tuna muku ba, a jikinku kuka ji. Ga darajar naira ta faɗi. Mota ta zama sai wane da wane. Alhajin da a da yake canza mota kamar riga, yau lallaɓa ta hannunsa yake yi. Ranar da kuma zai sayar, kafin mai saye ya ce a tayar da inji, jikinta zai fara ƙare wa kallo. Ashe fenti ma kuɗi ne.

To bari mu fara daga tushe. Mene ne fentin nan?

Dattawan cikinmu sun tuna Fijo 504, wadda ake harhaɗawa a Kaduna tun shekarun 1970. Yawancinsu fentinsu shimfiɗa ɗaya ne, launi da sheƙi a haɗe. In ya dusashe, sai a samo folish da tsumma a murza. Tsumman ya ɗauki launin motar, ita kuma ta dawo da walƙiya. Daga nan muka koyi cewa murza ita ce maganin dusashewa. Wannan ilimi ya zauna a kawunanmu har yau.

Sai dai motocin sun canza. Daga shekarun 1980 kamfanoni suka koma fenti mai hawa-hawa. A ƙasa akwai ƙarfe. A kansa akwai shafin da ke hana tsatsa, ya kuma riƙe fenti. A kan wannan akwai launi, fari ne ko baƙi ko ruwan toka. Launin nan shi kaɗai ba ya ƙyalli. Can sama kuma akwai wata riga mai kama da gilashi, ba ta da launi ko kaɗan. Masu fenti suna ce mata kiliya. Ita ce sheƙin da kuke gani. Ita ce kuma laimar da ke tare wa launi zafin rana.

Ku san kaurinta? Ku yago falle ɗaya daga littafin rubutun ɗan makaranta. Duk shimfiɗun nan in an haɗa su, da kaɗan suka fi fallen nan kauri. Ita kiliyar kuwa kusan rabin fallen ce. Rabin takarda, jama'a. Shi ke tsakanin motar Alhaji da ranar Sakkwato. Kuma ba ya tofowa.

Yanzu mu juya ga abin da ke cin wannan riga a ƙasarmu.

Na farko ƙura. Ƙurar hunturu a ido kamar gari take, laushi lumus. Amma a cikinta akwai ɓarɓashin yashi, kuma yashi ya fi kiliya tauri nesa ba kusa ba. Ƙurar da ta kwanta a kan mota, in an bar ta, ba ta yin wata ɓarna mai yawa. Hannunmu ne ke mayar da ita samfefa. Zan ba ku labarin kaina, don kada a ce ina nuna wa wasu yatsa. Na taɓa mallakar wata baƙar mota, ina ji da ita. Kowace safiya a hunturu sai in ɗauko tsohuwar singileti in goge ta tas, busasshiya, ba ko ɗigon ruwa. A ganina tsafta nake yi. Kafin bazara ta shigo, wata rana na tsaya da hantsi, rana ta haska bonet, sai na ga zane-zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Ba wanda ya yi mini wannan aika-aika. Ni da singiletina ne.

Ga ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela. Tireloli na lodin shanu da raguna, ƙura ta turnuƙe gari. Ka ajiye mota awa biyu, ka dawo ka tarar yaro ya rubuta sunansa da yatsa a bayanta. Ka fusata, ka sa hannun riga ka share. Yaro ya yi zane ɗaya, kai ka yi ɗari.

Na biyu wanki. A nan sai ku yi haƙuri da ni, 'yan'uwana masu wankin mota, ba sana'arku nake kushewa ba. Amma ku dubi yadda ake yi. Bokiti ɗaya. Soso ɗaya. Da shi za a wanke taya, da shi za a hau rufi. Soson ya faɗi ƙasa, a karkaɗe a ci gaba. Yaro ya ce, "Alhaji, a sa omo?" Alhaji ya ce, "Zuba da yawa, ta fita fes." Omo na wankin tufafi ne. Aikinsa cire maiƙo. Duk wani kakin da aka shafa wa motar don kariya, shi zai fara kwashewa. Robobin gefen gilashi ma sai su bushe su yi fari.

Sa'an nan a yi wankin da tsakar rana, ƙarfe ya ɗau zafi har ba a iya ɗora tafin hannu. Ruwan burtsatse da na rijiya yana ɗauke da ƙasa-ƙasan ma'adinai. Ruwan ya bushe nan take, ma'adinan su zauna ɗigo-ɗigo. In aka bar su rana tana gasawa, sai su ci cikin kiliya su bar tabo.

Na uku, abin mamaki, inuwa. Mun gudu daga rana mun fake ƙarƙashin dogon yaro. Can kuma tsuntsaye na sama. Kashin tsuntsu yana da tsami, in ya kwana biyu a kan fenti mai zafi sai ya bar shaidarsa. Haka ɗanƙon itace. Haka fetur ɗin da ke zuba a gefen tanki in ɗan bumburutu ya ɗaga galan. Man birki kuwa kada ma ya kusanci fenti, don kwaɓe shi yake yi.

To an riga an yi ɓarna. Mota ta dusashe, saƙar gizo-gizo ta cika ta. Ina mafita? A nan ne sana'ar da nake so mu sani take shigowa.

Mun san mai wankin mota. Mun san fanal-bita mai buga ƙarfe ya miƙe. Mun san mai fesa fenti. Akwai na huɗu a tsakaninsu, wanda ba mu cika sani ba a garuruwanmu, ko da yake a manyan birane sana'arsa tana bunƙasa. Ba ya ƙara fenti. Fentin da ke jiki yake gyarawa, ya dawo da shi hayyacinsa. Mu kira shi mai gyaran fuskar fenti.

Ga yadda aikinsa yake. Ku saurara da kyau, don a nan gaɓar take. Zanen da ke jikin kiliya ɗan rami ne siriri. Haske in ya faɗa ramin sai ya watse, shi ya sa ido ke ganin dusashewa. Ramin nan ba a cike shi. Abin da ake yi shi ne a kankare gefensa, a rage tudun da ke kewaye da shi, har fuskar ta daidaita da gindin ramin. Sai haske ya dawo yana tashi sak. Wato sheƙin da kuke gani bayan an goge mota da inji, ragi aka yi. An ɗebe wani abu daga rabin takardar nan.

Ku dubi wuƙar mahauci a kasuwar Illela. Duk wasawa tana ƙara kaifi, kuma duk wasawa ƙarfenta na raguwa. Wuƙar da aka saya da faɗi, bayan shekaru sai ta koma kamar tsinke. Haka goga take wa fenti. Mahauci dai zai iya komawa wurin maƙeri ya sayi wata da kuɗi kaɗan. Mai mota fa?

Saboda haka gwani a wannan sana'a ba ya gaggawar kunna inji. Zai fara da wanki na tsanaki. Ya kwarara ruwa ƙura ta sauka da kanta. Ya ajiye bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso. Ya fara daga rufi ya gangaro, taya ce ta ƙarshe, kuma da nata soson daban. Bayan nan ya shafa tafin hannu. In ya ji kaushi, akwai dattin da ya kafe a jiki. Sai ya ɗauko wani abu mai kama da yumɓu, ya jiƙa wurin, ya bi a hankali yana tsince shi. Sai ya kai motar inuwa, ya haska fitila mai ƙarfi ya karanta zanen. In yana da na'urar auna kaurin fenti, wata 'yar aba ce kamar wayar hannu, sai ya bi kowane sashe ya san abin da ya saura. Ya liƙe gefuna da kusurwoyi da tef, don a nan fenti ya fi siranta.

Ko a lokacin ba zai afka wa motar duka ba. Zai zaɓi wuri kamar faɗin faranti ya gwada. Zai fara da folish mafi laushi. In ya wadatar, shi ke nan. In bai wadatar ba, sannan ya ƙara mai ɗan kaifi. Kuma akwai zanen da zai ce maka a bar shi. Gwajin mai sauƙi ne, kowa zai iya. Ja farcenka a kan zanen. In farcen ya maƙale, ramin ya yi zurfi. Wanda ya nace sai ya shafe shi da goga, zai huda kiliya ya isa launi. Garin neman gira a rasa ido.

Na ga irin wannan da idona. Wani saurayi ya samu injin goga mai gudun tsiya, bai samu wanda ya koya masa ba. Ya kafa shi wuri ɗaya a gefen bonet yana danna. Wurin ya ɗau zafi, fenti ya ƙone. Minti ɗaya bai cika ba. Maigidan motar ya zo neman sheƙi, ya koma da lissafin fesa bonet.

Kun san motocin nan da rufinsu ke yin fari-fari yana ɓarewa, kamar maciji na saɓa? Kiliya ce ta mutu. Rana ta cinye ta, sau da yawa bayan goga ta riga ta sirantar da ita. Wannan ba folish ɗin da zai tashe ta. Duk wanda ya karɓi kuɗinka a kan zai goge ta ta dawo, sadaka ka yi masa. Sai dai a kankare a sake fesawa. Fentin gareji kuwa, komai ƙwarewar mai fesawa, da wuya ya kamo na kamfani. Shi na kamfani an gasa shi ne da zafi mai tsanani tun motar tana ƙwarangwal, ba kujera ba waya ba roba. Ba a iya maimaita wannan gashi bayan an haɗa mota. Abin da ya sa ke nan dillalai ke ɗaga murya su ce, "Fas-bodi ce, Alhaji, ba a taɓa ta ba!" Sun san fentin asali sau ɗaya ake samunsa.

Tunda dillalai sun shigo zancen, mu tsaya a kansu, don nan ne wurin da ya fi damuna.

Gyara daban, rufa-rufa daban. Akwai wani irin man shafawa da ba ya gyara komai. Shiga ramukan zanen yake yi ya kwanta, ido ya ga sumul. Mota ta yi ta ɗaukar ido a wurin ciniki. Ka biya, ka kai gida, a yi mata wanki uku, man ya fita, saƙar gizo-gizo ta dawo kamar ba ta taɓa tafiya ba. Kyan ɗan maciji ke nan. Akwai kuma wanda ya fi wannan. Motar da ta yi hatsari, a can Amurka ko a nan gida. Maimakon a buga ƙarfe ya miƙe, sai a cika lotsawar da fila, a goge, a fesa. Fila kaɗan aikin gyara ne, ba laifi. Amma in aka labta ta kamar yaɓen ɗaki, zafinmu da ramukan hanyarmu za su tsattsaga ta. Wata shida sai ta fara dariya.

Ku mutanen Illela ba a koya muku ciniki. Wanda zai sayi sa ba ya tsayawa kan sheƙin fata. Zai buɗe baki ya duba haƙori. Zai sa a ja shi ya ga tafiyarsa. To me ya sa in an zo kan mota, wadda ta fi sa tsada ninkin ba ninkin, sai walƙiya ta rufe mana ido?

Ga haƙoran mota. Kada ka duba ta da magariba, ko a jiƙe, don ruwa yana ɓoye zane. Ka duba ta da rana, a bushe. Ka tsuguna a gefe ka kalli jikin a karkace, inda aka sa fila za ka ga yana ɗan igiyar ruwa. Ka gwada launin ƙofa da na kusa da ita. Ka ɗaga robar gefen gilashi, mai fesawa yakan bar feshin fenti a wurin. Ka riƙe ɗan maganaɗisu marar ƙarfi, ka naɗe shi a ƙyalle, ka bi jikin ƙarfen. Inda ya saki, akwai abin da aka binne. Amma kada ka gwada a bamba ka tayar da rigima, yawancinsu roba ne, dama ba ya kamawa.

Ku kuma masu sayarwa, malamai sun sha gaya mana hukuncin ɓoye aibin haja. Ba a hana ka wanke motarka ka gyara ta kafin ka kai kasuwa ba. Amma in an fesa ƙofa, ka ce an fesa. Kuɗin zai ɗan ragu, mai sayen kuma zai dawo maka da ɗan'uwansa.

Kafin lokaci ya ƙure, kalma biyu ga matasa. Ga sana'a a gabanku. An ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a 2024, kuma daga Illela ta tashi. In Allah Ya sa ta kammala, motocin da za su riƙa ratsa garin nan sai sun ninka. Mai wankin mota da ya koyi bokiti biyu, ya sayi tawul mai laushi, ya kafa rumfa don inuwa, ya riga ya bambanta da na kusa da shi. In ya tara ya sayi injin goga, ya nemi irin wanda ke juyi yana karkarwa, ya fi sauƙin sarrafawa a hannun ɗan koyo. Ya je gareji ya nemi tsohuwar ƙofa ya koya a kanta. Kada motar mutane ta zama allonsa. Za ku kuma ji ana tallar shafin seramik. Yana da amfani, ya fi kaki daɗewa, datti ba ya kama shi sosai. Amma ba sulke ba ne. Tsakuwa za ta fasa, busasshen tsumma zai zana. Kada ku yi wa mai mota alkawarin da ba zai cika ba.

Ku kuma masu fesa fenti, na roƙe ku don Allah. Sinadarin nan da kuke zubawa don fenti ya yi tauri, shaƙarsa tana jawo asma da ciwon ƙirji. Ƙyallen da kuke ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Ku nemi abin rufe fuska na ainihi, ku yi aiki inda iska ke wucewa, ku kori ƙananan yara daga wurin. Huhu ma, kamar fentin, ba ya tofowa.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Roƙona gare ku ɗaya ne. Gobe da safe, in kun fito kun tarar ƙura ta lulluɓe mota, ku ajiye tsumman nan. In akwai ruwa, ku kwarara mata tukuna. In babu, ku wanke gilashi kaɗai ku kama hanya, ƙurar za ta jira ku. Direbobin da ke kan hanya, a yi tuƙi a hankali.